Manufofin Hukumar Kare Muhalli ta Ƙasa na Dogon Zango da Yadda Suka Shafi Manomi

Gabatarwa

Manoma da yawa a ƙasar nan ba su taɓa ganin ma'aikacin hukumar kare muhalli a gonarsu ba, wasu ma ko sunan hukumar ba su taɓa ji ba. Wanda ya ji kuwa yakan ɗauka aikinta bai wuce sa ido a kan shara a birane da rufe masana'antun da ke fitar da hayaƙi ba. Alhali idan aka duba ƙa'idojin da take aiki da su, za a tarar da yawa daga cikinsu a kan gona da daji da fadama suke magana, kamar ƙona daji, sare itatuwa, zaizayar ƙasa, noma a gaɓar kogi da yadda ake amfani da magungunan feshi. An shirya wannan bayani ne domin malaman gona da manoma su san inda hukumar ta dosa, da dalilin da ya sa ta fifita wasu al'amura a kan wasu, da kuma abin da hakan yake nufi ga mai noman hekta ɗaya ko biyu.

Hukumar da ake magana a kanta ita ce Hukumar Tabbatar da Bin Ƙa'idoji da Dokokin Muhalli ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NESREA. Tana ƙarƙashin Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, hedkwatarta tana Abuja, kuma tana da ofisoshi a shiyyoyi da jihohi.

Yadda aka kai ga kafa hukumar

Kafin shekarar 1988 Nijeriya ba ta da wata hukuma guda da aka ɗora wa alhakin kare muhalli. Abin da ya farkar da gwamnati shi ne abin da ya faru a garin Koko, wani ƙaramin gari mai tashar jiragen ruwa a tsohuwar Jihar Bendel, wanda yanzu yake cikin Jihar Delta. A shekarun 1987 da 1988 an shigo da dubban ganguna na sharar masana'antu mai guba daga ƙasar Italiya, nauyinsu ya haura tan 3,000, aka jibge su a wani fili cikin garin bisa kuɗin haya kaɗan. Rana ta yi ta dukan gangunan har wasu suka fara yoyo. Da asiri ya tonu a 1988, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta tilasta aka kwashe sharar aka mayar da ita inda ta fito, sannan ta fitar da dokoki biyu a wannan shekarar: Doka ta 42 wadda ta haramta shigo da shara mai guba ko zubar da ita, har da tanadin ɗaurin rai da rai, da Doka ta 58 wadda ta kafa Hukumar Kare Muhalli ta Tarayya, wato FEPA.

FEPA ce ta fitar da Manufar Muhalli ta Ƙasa ta farko a 1989. A 1999 aka narkar da ita cikin sabuwar Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya. Sai dai ma'aikata aikinta tsara manufa ne, ba ta da tsarin bin masu karya doka lungu-lungu, don haka aka samu giɓi na kusan shekara 8. Domin cike wannan giɓi ne aka kafa NESREA da dokar Majalisar Tarayya a 2007, zamanin Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua, aka kuma yi wa dokar gyara a 2018. Harkar malalar man fetur ba ta cikin hurumin NESREA, akwai wata hukuma dabam mai suna NOSDRA da aka kafa a 2006 domin wannan.

Babban burin hukumar

Tushen aikin yana cikin sashe na 20 na Kundin Tsarin Mulki na 1999, inda aka ɗora wa gwamnati kare muhalli da inganta shi, da kiyaye ruwa da iska da ƙasa da dazuzzuka da namun daji. Dokar 2007 ta ba hukumar alhakin tabbatar da ana bin dokokin muhalli, da kiyaye ire-iren tsirrai da dabbobi kada su ɓace, da kuma ganin ana cin moriyar albarkatun ƙasa ta hanyar da ba za su ƙare ba kafin 'yan baya su taso. Haka kuma ita ce ke bin diddigin yarjejeniyoyin muhalli da Nijeriya ta sa wa hannu da sauran ƙasashen duniya. Daga 2009 zuwa yau an fitar da ƙa'idoji fiye da 30 a ƙarƙashin dokarta, kowace da fannin da ta shafa.

Dalilin yin dogon hange a wannan harka a fili yake. Ƙidayar 1991 ta nuna mutanen Nijeriya kusan miliyan 89 ne, ta 2006 ta nuna miliyan 140, yanzu kuwa an haura miliyan 200. Faɗin ƙasar bai ƙaru da ko taku ɗaya ba, yana nan a murabba'in kilomita 923,768. Gonar da kaka ya noma shekara 3 ya bar ta ta huta shekara 10, yau jikoki biyar ne suka raba ta, kuma babu wanda zai iya barin rabonsa saura ko da damina ɗaya. Ƙasar sama mai albarka, wadda saiwar amfani take ci a cikinta, tana ɗaukar ɗaruruwan shekaru kafin kaurin yatsa ɗaya ya taru, amma ruwan sama mai ƙarfi a kan gangaren da ba shi da rufi yana iya wanke ta cikin 'yan damuna. Saboda haka ne Nijeriya ta shiga alkawarin da ƙasashen duniya suka yi cewa zuwa 2030 yawan ƙasar da ake farfaɗowa ya kai yawan wadda take lalacewa. Mafi yawan abubuwan da hukumar ta sa a gaba game da karkara daga wannan lissafi suka fito.

Ƙasar noma da wutar daji

A 2011 aka fitar da ƙa'idar hana ƙona daji da cinna wuta a fili, wadda ta haramta sa wa daji ko kurmi wuta ba tare da izini ba. A wannan shekarar ce kuma aka fitar da ta yaƙi da zaizayar ƙasa da ambaliya. Biyun suna tafiya tare, domin gonar da aka ƙone ita ce ruwan farko yake fara wankewa.

Ya kamata malamin gona ya iya bayyana wa manomi abin da wuta take yi wa ƙasa, ba ya tsaya ga cewa doka ta hana ba. Idan aka ƙone kara da ciyawa da ganye, sinadarin naitirojin, wanda shi ne manomi yake saye da tsada a buhun yuriya, yana tashi sama tare da hayaƙi. Abin da ya rage a toka yana da amfani, shi ya sa shuka takan yi kyau a inda aka ƙona tarin shara, kuma wannan ne yake ruɗin mutane. Amma toka ba ta da nauyi, iskar hunturu da ruwan farko sukan kwashe mafi yawanta. Abin da aka rasa kuwa shi ne ruɓaɓɓen ganyen da yake sa ƙasa ta yi laushi ta riƙe danshi, tare da tana da ƙananan halittun da suke sarrafa shi. Bayan shekaru ana haka sai ƙasa ta yi fari ta tsuke, ruwa ya riƙa gudu a kanta maimakon ya nutse, wuta-wuta kuma ta samu wurin zama, domin ita wannan muguwar ciyawa ta fi son gonar da ta gaji.

Gaskiya ce cewa manomi ba don ɓarna yake sa wuta ba. Sharar gona da hannu tana cin kuɗin ƙwadago, wuta kuwa ashana ɗaya ce. Makiyayi yakan ƙona busasshiyar ciyawa don sabon toho ya fito, yara kuma sukan sa wuta don farautar gafiya da zomo. Doka ita kaɗai ba za ta hana wannan ba sai an nuna wa mutane abin da zai maye gurbinsa. Inda kara yake da yawa, a sassare shi a shimfiɗa tsakanin kunyoyi, ko a tara shi a rami tare da kashin dabbobi ya zama taki. Inda dole sai an ƙona, kamar karan da tsutsa ta cika ko tsiron da cuta ta kama, a tara shi wuri guda a gefen gona, a share fili kewaye da shi, a ƙona da sassafe ko da yamma lokacin da iska ta kwanta, kuma kada a tafi sai wutar ta mutu. Masu gonakin rogo, kashu, mangwaro da lemo su share hanya mai faɗi kewaye da gonar tun ƙarshen damina, kafin ciyawa ta bushe.

Game da zaizaya, kowa ya ji labarin manyan kwazazzaban Nanka da Agulu a Jihar Anambra, waɗanda suka cinye gidaje da gonaki, kuma akwai irinsu a Auchi da Gombe. Gyaran irin waɗannan sai gwamnati, shi ya sa aka yi shirin NEWMAP da tallafin Bankin Duniya, wanda ya fara da jihohi 7 na kudu kafin ya bazu zuwa wasu. Amma kowane kwazazzabo daga ɗan zirin da ƙafa za ta iya tsallakewa ya fara. A yi kunya a gicciye da gangare, kada a bi gangaren da ita. A dasa layin jema ko gamba a inda ruwa yake bi, a toshe ƙaramin rami da duwatsu ko buhunan ƙasa tun yana ƙarami.

Itatuwa, gawayi da hamada

Ƙa'idar yaƙi da kwararowar hamada da rage illar fari ita ma ta 2011 ce. Jihohi 11 ne aka ayyana a matsayin na bakin daga: Adamawa, Bauchi, Borno, Gombe, Jigawa, Kano, Katsina, Kebbi, Sakkwato, Yobe da Zamfara. A cikinsu ne ake gudanar da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Nijeriya kuma ta kafa masa hukuma ta musamman da doka a 2015. A ƙarshen 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL, wanda ya shafi jihohin arewa 19 da Babban Birnin Tarayya, da burin farfaɗo da hekta miliyan ɗaya na ƙasar da ta lalace.

Manomin da yake Neja, Kwara, Nasarawa, Binuwai ko Taraba kada ya ɗauka wannan maganar mutanen can arewa ce. Gawayin da ake dafa abinci da shi a manyan birane, da wanda ake fitarwa ƙasashen waje, mafi yawansa daga dazuzzukan tsakiyar ƙasar nan ake yin sa, kuma masu gawayi sun fi son itace mai tauri kamar ƙirya da marke da kaɗanya. Kaɗanya takan yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, sannan ta yi ta bayarwa har tsawon rayuwar mutum da ta 'ya'yansa. Wanda ya sayar da ita a kan 'yan buhunan gawayi ya sayar da man kaɗen da matan gidansa za su yi ta samu shekara da shekaru. Saboda irin wannan aka fitar da ƙa'idar sarrafa gawayi da fitar da shi a 2014. Madobiya kuwa, wadda aka yi ta sarewa ana lodawa zuwa ƙasar Sin, sai da ta kai an sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES take sa ido a kan cinikinsu, kuma a 2018 aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya. NESREA ce ke da alhakin tabbatar da bin wannan yarjejeniya a cikin ƙasa.

Dashen itatuwa yana da kyau, amma duk malamin gona ya san yadda ake yi da yawancin dashen da ake rabawa ranar biki: ba ban-ruwa, ba kariya daga awaki, kafin bazara sun mutu. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce wadda manoman yankunan Maraɗi da Damagaram a Jamhuriyar Nijar suka bi tun daga shekarun 1980, suna kiranta sassaben zamani. A lokacin sassabe, maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture, sai a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Da yake saiwar tsohuwa ce kuma ta riga ta yi nisa a ƙasa, itacen yakan girma da sauri ba tare da ban-ruwa ba. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya an mayar da itatuwa a kan kimanin hekta miliyan 5 a can. Gawo ya fi dacewa da gonar hatsi, domin yana zubar da ganyensa da damina, ba ya yi wa shuka inuwa, kuma kowane manomi ya san gero da dawa sun fi kyau a ƙarƙashinsa.

Magungunan feshi da na ajiya

A nan ne ya kamata a fi tsayawa, domin illar tana da sauri kuma tana shiga har cikin tukunya. Hukumomi biyu ne suke da hannu a ciki. NAFDAC ce ke yi wa magani rajista da ba da izinin shigo da shi da sayar da shi, kuma ita ke janye wanda aka gano yana da haɗari. NESREA kuwa, a ƙarƙashin ƙa'idar sinadarai masu haɗari da magungunan ƙwari ta 2014, tana duba yadda ake ajiye su da jigilarsu da zubar da ragowarsu, kada su gurɓata ƙasa da ruwa.

Burin dogon zango shi ne a raba ƙasar nan gaba ɗaya da magungunan da ba sa ruɓewa. Nijeriya tana cikin yarjejeniyar Stockholm ta 2001, wadda ta fara da sinadarai 12, cikinsu har da DDT da aldirin da dildirin. A 2009 aka ƙara lindan, wato sinadarin da ke cikin Gammalin 20 da manoma suke kira gamalin, a 2011 kuma aka ƙara endosulfan. Matsalar waɗannan ita ce sukan daɗe shekaru a cikin ƙasa da ruwa ba su lalace ba. Ƙaramin kifi ya ci, babban kifi ya ci ƙaramin, mutum ya ci babban, gubar tana taruwa a cikin kitse, har takan fito a nonon saniya da na uwa mai shayarwa. Wanda ya zuba gamalin a kududdufi ko rafi don ya kama kifi ya kashe manya da ƙanana da ƙwai gaba ɗaya, ya kuma ba mutanen da ke ƙasa da shi ruwan guba su sha.

Akwai kuma maganin da bai shiga wancan jeri ba amma ake amfani da shi ba bisa ƙa'ida ba. Misalin da ya fi kowane tsada ga manoman Nijeriya shi ne na wake. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda an yi ta samun ragowar sinadarin dikulobos a cikinsa fiye da iyakar da aka yarda da ita, wadda ita ce miligiram 0.01 a kowane kilo. Wannan sinadari shi ne a cikin fiya-fiya da irin su Sniper. An yi shi ne don feshi, amma sai wasu 'yan kasuwa da manoma suka riƙa yayyafa shi kai tsaye a kan waken da za a ci domin gudun ƙwari. An yi ta tsawaita hanin shekaru bayan haka. Nijeriya ita ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, amma ta rasa wannan kasuwa saboda abin da ake yi a sito, kuma waken da Turai ta ƙi shi ne dai muke ci a gida.

Maganin wannan yana hannu kuma ba shi da tsada sosai. Buhu mai ninki uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro aka kuma yaɗa shi a nan tare da cibiyar IITA, yana da ledoji biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. A busar da wake sosai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowane ninki dabam. Ƙwarin da ke ciki za su shanye 'yar iskar da ta rage su mutu, ba a sa ko ɗigon magani ba. Ganga ko jarka mai murfin da ba ya shan iska ita ma tana yin wannan aiki idan an cika ta. Ƙwayar Phostoxin kuwa iska mai guba take fitarwa, don haka ba a amfani da ita a ɗakin da mutane ko dabbobi suke kwana, ko wanda yake jikin ɗakin kwana, kuma aiki ne na wanda aka horar.

A lura da launin da ke ƙasan takardar kowane magani. Ja yana nufin guba mai tsanani, rawaya mai cutarwa, shuɗi a yi hattara, kore shi ne mafi sauƙin haɗari, ko da yake shi ma ba abin wasa ba ne. A duba lambar rajistar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma kada a sayi maganin da aka ɗura a kwalbar lemo ba takarda. Kowane magani yana da adadin kwanakin da za a jira tsakanin feshi da girbi, kuma masu tumatir, kuɓewa, kabeji da alayyafo su ne suka fi karya wannan ƙa'ida, suna feshi yau su kai kasuwa gobe. Idan magani ya ƙare, a zuba ruwa kamar kwatan robar, a girgiza, a juye cikin famfon feshi, a yi haka sau 3, sannan a huda robar. Kada a zuba mai, nono, kunu ko ruwan sha a cikinta ko da an wanke ta da sabulu. Kada a wanke famfon feshi a rafi ko kusa da rijiya. Jerin magungunan da aka haramta yana sauyawa, don haka malamin gona ya riƙa neman sabon jeri daga ofishin NAFDAC na jiharsa kowace shekara kafin damina.

Ruwa, fadama da gaɓar kogi

Ƙa'idar kare dausayi da gaɓar koguna da tafkuna ta fito a 2009, ta kula da ingancin ruwan saman ƙasa da na ƙarƙashin ƙasa kuma a 2011. Manufar ita ce a bar tazara mai ciyawa da itatuwa tsakanin gona da bakin ruwa. Wannan yana yi wa manomin rani wuya, tunda ƙasar bakin kogi ita ce mafi albarka kuma mafi kusa da injin ban-ruwa. Amma wanda ya noma har baki ya san yadda kogi yake gutsurar gaɓa kowace damina, ya kuma san yadda yashi yake cike madatsun ruwa. Takin da ruwa ya wanke daga gona asara ce sau biyu, shuka ba ta ci ba, sannan ya je ya ciyar da gansakuka da kachala a cikin ruwa. Mutanen dausayin Haɗeja da Nguru sun ga yadda kachala take toshe hanyoyin ruwa ta hana su noma da su. Don haka a binne yuriya a gefen shuka maimakon watsa ta, a kuma raba ta kashi biyu.

Ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363 ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu, ta 2022 kuma ta kashe fiye da 600, kuma a duka biyun gonakin kwarin Neja da Binuwai ne suka fi shan wahala. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA kuma tana fitar da na ambaliya. Wajibi ne malamin gona ya nemi waɗannan ya isar wa manoman fadama, domin su zaɓi iri mai saurin nuna ko mai jure nutsewa, su kuma san lokacin kwashe amfani.

A 2021 aka sa hannu a dokar sauyin yanayi, Nijeriya kuma ta yi alkawarin daidaita hayaƙin da ke ɗumama duniya nan da 2060. Manomin shinkafa yana da rabo a nan wanda zai amfane shi tun yau. Fadamar da ruwa ya kwanta a cikinta kullum tana fitar da iskar mitan. Idan aka kafa guntun bututun roba mai huji-huji a gona, aka bar ruwa ya sauka har santimita 15 ƙasa da fuskar ƙasa kafin a sake ba da ruwa, iskar tana raguwa, kuɗin man injin ma yana raguwa, amfanin kuma ba ya raguwa, muddin an bar ruwa a kwance lokacin da shinkafa take fure.

Sai maganar haƙar ma'adinai a ƙauyuka, wadda manoma da yawa suke shiga da rani. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, saboda ana kawo duwatsun zinariya cikin gida ana dakawa ana niƙawa, wani lokaci da turmi da injin da ake niƙa hatsi. A 2015 irin wannan ya sake faruwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja. Dutsen ma'adini ba ya shiga gida, ba ya shiga injin niƙa, kuma ba a wanke shi a inda mutane da dabbobi suke sha.

Manyan ayyuka da haƙƙin al'umma

Dokar tantance tasirin ayyuka a kan muhalli ta 1992 ta wajabta yin bincike kafin a fara wasu manyan ayyuka. A fannin noma sun haɗa da mayar da daji mai faɗin hekta 500 ko fiye zuwa gona, da aikin da zai tayar da iyalai 100 ko fiye, da madatsar ruwa mai faɗin hekta 200 ko fiye, da aikin ban-ruwa na hekta 5,000 ko fiye. Ma'aikatar Muhalli ce ke duba rahoton ta amince, kuma doka ta ce a baje shi jama'a su gani su faɗi ra'ayinsu. Ƙaramin manomi ba ya buƙatar wannan takarda, amma yana da haƙƙin tambaya ko babban aikin da aka kawo kusa da ƙauyensu yana da ita.

Iyakar ƙarfin hukumar

Bai kamata a ɗora wa hukumar abin da ba za ta iya ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamnonin jihohi, yawancin gandun daji ma na jihohi ne, kuma jihohi suna da ma'aikatu da hukumomin muhalli nasu. Ma'aikatan NESREA ba su da yawan da za su zaga ƙananan hukumomi 774, kuma yawancin lokacinsu yana tafiya ne a kan masana'antu da gine-gine da sharar kayan lantarki a birane. A ƙauye, wanda zai ga wuta ta tashi ko an zuba guba a rafi shi ne mai unguwa da dagaci da sarkin noma da malamin gona. Dokar da mutanen gari suka kafa wa kansu, kamar tara a kan wanda ya sa wuta ko ya sare kaɗanya da ɗorawa, sau da yawa ta fi ta Abuja aiki, domin kowa ya san kowa.

Idan al'umma ta ga wata masana'anta ko wurin haƙar ma'adinai yana zubar da gurɓataccen ruwa a kogin da take ban-ruwa da shi, ko wani yana sayar da maganin da aka haramta, a rubuta ranar da wurin da abin da aka gani, a ɗauki hoto idan da hali, a sa hannun shugaban ƙungiyar manoma da na mai gari, a kai ofishin NESREA ko na NAFDAC na jiha, a ba ma'aikatar muhalli ta jiha kwafi, ƙungiya kuma ta riƙe nata kwafin mai ɗauke da hatimin karɓa.